An dakatar da 'yan wasan kwaikwayo saboda mabuɗin laburare, an ce 'yata ta ba da haƙuri

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba, ina neman shawarar iyaye da malaman da ke gidan nan. 'Yata ce shugabar majalisar ɗalibai a makarantarsu, tana ajin ƙarshe na sakandare. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba.

Ranar Asabar majalisar tasu ta shirya taron nishaɗi na tsakiyar zango, har da mu iyaye aka gayyata. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta yi wani ɗan wasan barkwanci da bai wuce minti 15 ba. Wani yaro ne ɗan aji ɗaya yake neman mabuɗin laburare. Ya je wajen mai kula da laburare, ta ce mabuɗi na wajen malamin ladabtarwa. Malamin ladabtarwa ya ce yana wajen mataimakin shugaban makaranta. Mataimaki ya ce a dawo gobe. Duk ofishin da yaron ya shiga, in ya fito sai a ga an ƙara masa furfura, da garin alli suke shafa masa a bayan labule. Ƙarshe ya dawo yana dogara sanda, jikansa na riƙe da hannunsa, aka miƙa masa mabuɗi, ya zura, ashe kwaɗon ya yi tsatsa ba ya buɗuwa. Wallahi ni kaina na yi dariya har da hawaye.

To gaskiyar magana laburaren nan a kulle yake tun farkon zangon da ya wuce. Sau uku majalisa tana rubuta takarda, ko amsar "mun gani" ba a ba su ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yaron da ya fito a matsayin mataimakin shugaba ya kwaikwayi mutumin sak. Ya ɗora tabarau a goshi yana lalubensa a kan tebur, yana cewa "mu gani, mu gani" yadda yake yi. Zaure ya kaure da ihu. Mutumin ya tashi ya fita. Ranar Litinin aka dakatar da ƙungiyar wasan har ƙarshen zango, aka ce Ilham ta rubuta takardar ban haƙuri ta karanta a asambuli, ko kuma ta ajiye muƙamin. Ranar Laraba kuma aka buɗe laburare. Ita ta ce gara ta sauka. Babanta ya ce ta rubuta a wuce wurin, jarrabawa ta ƙarato. Ni na rasa inda zan sa kaina.

Kawu Isa: Wa alaikumus salam. Maganar babanta ita ce magana. Ta rubuta, ta karanta. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan ba wada ba ne, malaminta ne. Yaro ya tsaya a gaban iyaye yana kwaikwayon malaminsa ana shewa, sannan a ce ba a yi laifi ba?

Sagir: Kawu, a yi min afuwa, amma ni abin da na ji shi ne takarda uku ba su buɗe laburare ba, garin alli ya buɗe shi a kwana huɗu.

Kawu Isa: Kai dama ai irinku ne.

Sagir: Ban musa ba, ranka ya daɗe. Shekara uku ina ɗan wasan barkwanci a makarantarmu. Ni ne nake fitowa a matsayin mai buga ƙararrawa da agogonsa ya tsaya.

Malam Habu: Maman Ilham, sannu da wannan al'amari. Na yi shekara 33 ina koyarwa, takwas daga ciki ina kan irin kujerar mutumin da aka kwaikwaya, saboda haka bari in faɗa miki abin da yake ji. Ba tabarau ne ya ƙona masa rai ba. Kowane malami ya san ana kwaikwayonsa a ɗakin kwana da bayan aji, wanda bai sani ba ma bai san aikinsa ba. Abin da ya ƙona masa rai shi ne an yi a gaban iyaye da ƙananan malamai, kuma gobe shi ne zai tsaya a gaban yara ɗari da wani abu ya ce su yi shiru. Kwarjini shi ne jarin mai wannan kujera. In ya zube, ɗebo shi sai an sha wuya.

Amma kuma ba zan rufe ido in ce makarantar ta kyauta ba. Takarda uku babu amsa? Wannan sakaci ne. Ni a lokacina ko takardar shirme aka kawo min daga majalisa sai na rubuta wani abu a ƙasanta na mayar, ko da "ba zai yiwu ba, ga dalili" ne. Yaro in ka ƙi sauraronsa ta ƙofa, zai yi maka magana ta taga.

Malama Rabi: Tambaya ɗaya kafin in ce komai. Ina malamin da ke kula da ƙungiyar wasan? Bai karanta rubutun ba? Bai halarci gwaji ko ɗaya ba? Ni ke riƙe da irin wannan ƙungiya a inda nake aiki, kuma babu wasan da zai hau dandamali ban zauna na kalle shi daga farko har ƙarshe sau biyu ba. In an yi kuskure, ni za a fara kira, ba yarinya 'yar shekara 17 ba.

Maman Ilham: Malama, ya karanta, har ya sa hannu. Yanzu cewa yake abin da ya karanta daban, abin da aka yi daban.

Malama Rabi: To ki riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Zainab: Mama, ni ma na riƙe wannan muƙamin shekara biyu da suka wuce, kuma zan faɗi abin da manya ba sa son ji. Yawancin majalisun ɗalibai je-ka-na-yi-ka ne. Ana zaɓenmu da ƙuri'a, a rantsar da mu, a ba mu baje mu maƙala a ƙirji, shi ke nan. Aikinmu shi ne jera kujeru ranar taro, da tarbar baƙi, da karanta jawabin godiya da wani malami ya rubuta mana. Ranar da muka kai kuka kan cewa ƙofofin bayan gida na 'yan mata ba su da sakata, sai aka ce mana wannan ba hurumin majalisa ba ne. Na ce to mene ne huruminmu? Aka ce in kiyayi bakina. Wata huɗu muna bin sakatar nan, ƙarshe wata malama ce ta ji kunya ta sa aka gyara. Har yau in na tuna yadda 'yan aji ɗaya suke zuwa biyu-biyu, ɗaya ta shiga ɗaya ta riƙe mata ƙofa, raina ɓaci yake yi.

Su 'yan aji suna ganin mu 'yan amshin shata ne, malamai kuma suna ganin mun fara girman kai. Ilham tana tsakiya, kowane ɓangare ya ja.

Auwal: Abin da Zainab ta faɗa har suna gare shi a wajen masu nazarin ilimi. Wani masani, Roger Hart, ya fitar da wani tsani mai matakala takwas a 1992, a wani rubutu da UNICEF ta wallafa, yana auna yadda manya ke sa yara cikin al'amura. Matakala uku na ƙasa ya ce ba shigar da yara ba ne sam: na farko a yi amfani da su, na biyu a yi ado da su, na uku a ba su kujera da suna amma babu ta cewa. Jera kujeru da tarbar baƙi ado ne. Rubuta takarda uku a jefa a kwandon shara shi ne na ukun.

Kuma akwai wani rikici da muke yi. Muna haɗa firifet da majalisa, alhali asalinsu ba ɗaya ba ne. Tsarin firifet ya yi ƙarfi ne a makarantun kwana na Ingila, musamman bayan Thomas Arnold ya zama shugaban makarantar Rugby a 1828, ya danƙa wa manyan ɗalibai ikon tsawata wa ƙanana. Wato firifet hannun hukuma ne a cikin ɗalibai, daga sama ake naɗa shi. Majalisa kuwa bakin ɗalibai ce a gaban hukuma, daga ƙasa ake zaɓenta. Makarantu da yawa sun canja sunan ne kawai, suna kiran yaro shugaban majalisa amma aikin hedboi suke jira ya yi. Shi ya sa ran da ya buɗe baki a madadin waɗanda suka zaɓe shi sai a ga kamar ya ci amana.

Kawu Isa: Duk wannan turancin ne. Makaranta ba majalisar dokoki ba ce. Mu da aka yi wa tarbiyya da tsawa ba mu lalace ba.

Sagir: Kawu, ba ku taɓa kwaikwayon malami ba ko sau ɗaya? Tsakaninka da Allah.

Kawu Isa: Ba a gaban iyaye ba.

Sagir: Alhamdu lillahi, an samu ci gaba.

Hajiya Binta (mai kula da zaure): Sagir, a sassauta. Kawu babba ne.

Barista Nafisa: Na jima ina karantawa. Bari in kawo wani abu daga ɓangarenmu, ba don a kai kowa kotu ba, sai don a ga cewa rigimar nan tsohuwa ce kuma har manyan alƙalai ta raba wa kai. Ga shari'o'i uku da Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke kan kusan irin wannan.

A 1965 wasu ɗalibai a jihar Iowa sun ɗaura baƙin ƙyalle a hannu don nuna adawa da yaƙin Biyetnam, aka dakatar da su. A 1969 kotu ta ba ɗaliban gaskiya, ta ce makaranta ba za ta toshe bakin ɗalibi ba don kawai maganar ba ta yi mata daɗi ba, sai in za ta hargitsa karatu sosai ko ta taka haƙƙin wasu. A 1983 kuma wani yaro a jihar Washington ya tashi a asambuli, gaban ɗalibai kusan 600, zai tallata abokinsa da ke takarar majalisar ɗalibai, sai ya cika jawabin da habaicin batsa. Aka dakatar da shi kwana uku. Wannan karon, a hukuncin 1986, makaranta aka ba gaskiya. Sai shari'ar da aka yanke a 1988, inda shugaban wata makaranta a jihar Missouri ya cire shafi biyu daga jaridar ɗalibai kafin a buga. Kotu ta ce abin da ake yi da sunan makaranta, irin jarida da wasan kwaikwayo, makaranta na da ikon tace shi muddin tana da dalili na tarbiyya ko koyarwa.

To ku lura, ikon tacewa ne, wato kafin a yi. Makarantar su Ilham ta riga ta yi amfani da wannan ikon ran da malaminsu ya karanta ya sa hannu. Ba ka ba da izini da hannun dama sannan ka yi hukunci da na hagu. Wannan dokar wata ƙasa ce, ba ta hau kan kowa a nan ba, amma hankalin da ke cikinta na kowa ne.

Baban Khalifa: Barista, da girmamawa, ku lauyoyi komai sai kun mai da shi shari'a. Yarinya saura mata 'yan watanni ta gama. Wannan mutumin shi zai sa hannu a takardar shaidar halinta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. In ta sauka yau, gobe an manta da laburare, ita ce za ta kwana da tabon.

Barista Nafisa: Ban ce ta sauka ba, Baban Khalifa. Ban ma kai ga shawara ba tukuna. Abin da ya fi damuna shi ne karantawa a asambuli. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, sashe na 12 ya ce a saurari ra'ayin yaro kan abin da ya shafe shi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa, sashe na 28 kuma ya ce ladabtarwa a makaranta ta kasance ba ta zubar da mutuncin yaro ba. Tsayar da yarinya a gaban makaranta duka ta karanta laifin da ba ita ta yi ba, ramuwar gayya ce: kun kunyata ni a bainar jama'a, zan kunyata ku a bainar jama'a.

Malama Rabi: Maman Ilham, na dawo kan maganata. Don Allah ki tambayi Ilham, mene ne takamaimai abin da malamin yake cewa ba ya cikin rubutu. Na san yara. Abin da ake gwadawa a aji daban, abin da ke fitowa in yaro ya ji tafi daban. Tafi giya ce, in ya hau kan yaro sai ya ƙara abin da ba a shirya ba.

Maman Ilham: Bari in kira ta.

Sagir: Malama ta faɗi gaskiya a nan. Akwai ran da nake kwaikwayon malamin lissafinmu, dariya ta yi yawa, ban san lokacin da na fara in'ina irin tasa ba. Ba a shirya da ita ba, bakina ne kawai ya tafi. Na hango shi a layi na biyu, bai tashi ba, bai ɓata fuska ba, sai ya sunkuyar da kai yana murza hular da ya cire a gwiwarsa. Washegari ya shigo aji ya yi darasin minti 40 da rubutu a allo, bai ce uffan ba. Babu wanda ya hukunta ni. Da an zane ni da ya fi min sauƙi.

Maman Ilham: Innalillahi. Na tambaye ta. Mutumin yana ɗan ɗingishi, wai hatsari ya taɓa yi shekarun baya. Yaron da ya fito a matsayinsa, da ya tashi daga kan tebur zai je neman mabuɗi sai ya ja ƙafa irin tasa. A nan ne ihun ya fi yawa, a nan ne kuma ya fita. Ni ina can baya, na ɗauka cikin wasan ne, ban san haka yake tafiya ba. Ta ce ba ya cikin rubutu, ba a taɓa yi a gwaji ba. Na ce don me ba ki faɗa min tun farko ba? Ta ce tana tsoron a kori yaron.

Kawu Isa: To kun ji. Ruwa ba ya tsami banza.

Malam Habu: Wannan ya canja lissafi, amma bai goge shi duka ba.

Malama Rabi: Abin da nake gudu ke nan. Ni ƙa'idar da nake ba yarana ɗaya ce, kuma ina maimaita ta har sun gaji da ji: ku taɓa abin da mutum yake yi, kada ku taɓa abin da aka yi masa. Makara, mantuwa, "a dawo gobe", son dogon jawabi, duk wannan halinsa ne, yana iya canjawa, kuma dariya na iya taimaka masa ya canja. Ɗingishi, in'ina, gajarta, launin fata, talaucin gidansu, wannan ba shi ya zaɓa ba. In ka yi dariya a kansu ba gyara kake ba, cin mutunci kake.

Kuma abin takaicin, wasan ba ya buƙatar ɗingishin. Furfurar alli da kwaɗo mai tsatsa sun riga sun gama aikin. Wanda ya rubuta wannan yana da basira, don ya gane cewa abin dariyar ba mutum ɗaya ba ne, yawon da ake sa yaro ne daga ofis zuwa ofis. Da ni ce ma da na hana tabarau da "mu gani". In ka bar ofishin babu fuskar kowa, kowane malami zai yi dariya yana cewa da wancan ake, alhali a ransa ya san da shi ake. Hannunka mai sanda ya fi nuni da yatsa ciwo, kuma ba a kama ka da laifi.

Sagir: A nan kam zan ɗan saɓa wa Malama. In an cire tabarau an cire rabin dariyar. Yara ba tsari suke wa dariya ba, mutum suke wa. Ɗingishi dai na yarda, haramun.

Malama Rabi: Rabin dariyar da ya rage ya isa ya buɗe laburare, Sagir.

Sagir: Wannan kuma ba mu gwada ba.

Auwal: Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ake ɗaukar wasan barkwanci a makaranta kamar wata fitina ce ta zamani. Makarantar Westminster da ke Landan, tun dokokin da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta kafa mata a 1560 aka wajabta wa ɗalibai yin wasa da harshen Latin duk shekara, kuma wasannin barkwanci na tsoffin Rumawa suke yi, waɗanda cike suke da bayi masu wayo suna wasa da hankalin iyayen gidansu. Malaman wancan zamani sun ga amfaninsa: yaro zai koyi tsayuwa gaban jama'a, da haddace magana, da sanin lokacin da ake shiru. Wanda ya iya riƙe zaure na minti 15 ya koyi abin da darasin aji ba ya koyarwa.

Baban Khalifa: Mun ji tarihi. Yarinya dai me za ta yi kafin Litinin?

Zainab: Ni dai kada ta sauka. In ta sauka, mataimakinta za a ɗora, a ja masa kunne, shi ke nan an kashe bakin majalisar har wasu shekaru. Kuma kada ta ba da haƙuri kan mabuɗi. In ta ce "mun yi kuskure da muka yi maganar laburare", to ta gaya wa duk 'yan aji ɗaya cewa kai kuka laifi ne.

Kawu Isa: Yarinya, shugaba shi ke ɗaukar laifin mabiyansa. In tana son kujerar, ta ɗauki nauyinta. Ba a cin daɗin baje a ƙirji a gudu ran wuya.

Zainab: Haka ne Kawu, na yarda da wannan. Ta ɗauki laifin ɗingishi tunda a taronta aka yi. Amma laifin kulle laburare zango ɗaya da rabi fa, wane shugaban ne zai ɗauka?

Kawu Isa: Wannan tsakaninsu ne da iyaye. Ina ƙungiyar iyaye da malamai take duk tsawon lokacin nan? Ku iyaye kun bar yara suna yi muku yaƙi, yanzu kuna tafa musu.

Maman Ilham: Kawu, wannan ta same ni. Wallahi sau biyu tana gaya min maganar laburaren nan, na ce ta yi haƙuri ta karanta a waya.

Malam Habu: Kawu ya faɗi abin da ya fi komai nauyi yau, ko da yake ba ta nan ya nufa ba. Ga shawarata, Maman Ilham, a matsayin wanda ya zauna a kujerar.

Kada ta fara da takarda. Ta ɗauki yaron da ya yi ɗingishin, su je ofishin mutumin su biyu, ba a lokacin da malamai ke shiga da fita ba. Yaron ya ba da haƙuri da bakinsa, ya ambaci abin da ya yi da sunansa, kada ya tsaya kewaye-kewayen "in an ji haushi". Ita kuma ta ce a taronta aka yi, ta ɗauki nauyi. Mutum in an same shi shi kaɗai an ba shi girmansa, da wuya ya nace sai an je asambuli. Nacewar tasa ta yanzu ciwo ne ke magana.

Bayan nan sai ta rubuta takardar, gajeriya. Sakin layi na farko ban haƙuri kan kwaikwayon tafiyarsa, babu "amma" a ciki. Na biyu godiya da aka buɗe laburare. Na uku roƙo cewa a sa wa majalisa ranar zama da hukumar makaranta ko sau ɗaya a wata, kuma duk takardar da ta kawo a amsa a rubuce. Kada ta roƙi a dawo da ƙungiyar wasa a wannan takardar, wannan aikinku ne iyaye, da malamin da ya sa hannu ya koma gefe ya yi shiru. Ke da babanta ku je ku same shi.

Barista Nafisa: Na goyi bayan Malam ɗari bisa ɗari, musamman roƙo na uku. Kuma ba baƙon abu ta roƙa ba. A Afirka ta Kudu dokar makarantu ta 1996 ta wajabta majalisar wakilan ɗalibai a duk makarantar gwamnati mai aji takwas zuwa sama, har ɗalibai na da kujera a hukumar gudanarwar makaranta. A yankin Wales na Birtaniya, ƙa'idar 2005 ta ce dole kowace makarantar gwamnati, ban da na ƙananan yara sosai, ta kasance da majalisa, ta zauna aƙalla sau shida a shekara, kuma hukuma ta duba abin da ta kawo ta ba da amsa. Kalmar amsa ɗin nan ita ce gaba ɗayan zancen. Da an amsa takarda ta farko, da yaran nan wani wasan suka yi.

Auwal: Akwai ma waɗanda suka wuce nan. Makarantar Summerhill a Ingila, wadda A. S. Neill ya kafa a 1921, a taronsu ƙuri'ar malami ɗaya ce da ta ƙaramin yaro.

Malam Habu: Auwal, wannan kam a bar musu kayansu. Ni da na yi fama da 'yan aji uku ranar da ruwa ya ɗauke, ba zan ba su ƙuri'a daidai da tawa ba. A amsa musu takarda dai, ya wadatar.

Baban Khalifa: In mutumin ya ƙi fa? In ya ce sai asambuli?

Malam Habu: Sai ta karanta sakin layi ukun nan duka a asambulin, ba na farko kaɗai ba. Shi ma zai yi wannan lissafin kafin ya nace.

Sagir: Malam, ashe ku ma 'yan wasa ne, dandamalinku ne daban.

Hajiya Binta (mai kula da zaure): Maman Ilham, ki sanar da mu yadda aka ƙare. Masu turo min saƙo ta gefe suna tambayar sunan makarantar, ku daina, ba za a faɗa ba.

Maman Ilham: Salam 'yan uwa, na dawo da bayani. Jiya Litinin suka je ita da yaron bayan an tashi. Ta ce yaron tun kafin ya gama magana ya fashe da kuka. Mutumin ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya gaya musu yadda ya yi hatsarin da watannin da ya yi a kwance, abin da ko malamai da yawa ba su sani ba. Ya karɓi takardar, ya ce ba sai an karanta a asambuli ba, kuma tana nan a kujerarta. Ƙungiyar wasa dai har yanzu a dakace take, ya ce wannan hukuncin shugaban makaranta ne, ba nasa ba. Ni da babanta za mu je ranar Alhamis, mun kuma nemi malamin ƙungiyar ya kasance a wurin, bai amsa kiranmu ba tukuna.

Maganar zama duk wata kuwa, ta ce ya karanta sakin layin har sau biyu, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Zainab: Me ya ce?

Maman Ilham: Wai cewa ya yi "mu gani". Ta ce sai da ta ciji leɓe har suka fito.